Matan da suka tashi sulhunta duniya, da rigimar cikin gidansu

 Yau za mu ɗan ajiye labaran gida, mu leƙa Turai ta shekara ɗari da suka wuce. Rubutun yana da ɗan tsawo, a samu wuri a zauna.

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin wata ƙungiya, ko ta unguwa ce ko adashen mata, ya san ranar kafa ƙungiya ita ce ranar daɗi. A yi jawabi, a yi tafi, a ɗauki hoto. Wahala sai washegari take farawa: wa zai rubuta wasiƙu, wa zai bi mutane zubi, wa zai biya kuɗin haya, wa zai shiga tsakani in manya biyu suka daina gaisawa. Labarinmu na wasu mata ne da suka ɗauki irin wannan kaya shekara 20 cur, daga 1919 zuwa 1939, kuma ƴan ƙungiyarsu ba ƴan unguwa ɗaya ba ne, ƴan ƙasashen da suka gama kashe wa juna ƴaƴa ne. Sunanta Ƙungiyar Mata ta Duniya don Zaman Lafiya da Ƴanci. Masu Ingilishi suna taƙaita sunan da WILPF, masu Faransanci su ce LIFPL.

Tushenta yana cikin yaƙin duniya na farko. A ƙarshen watan Afrilu na 1915, ana tsakiyar ɓarin wuta, mata fiye da 1,100 daga ƙasashe 12 suka haɗu a birnin La Haye na ƙasar Holan. Wata likita ƴar Holan, Aletta Jacobs, ita ta yi kiran, Jane Addams ta Amurka kuma ta shugabanci zaman. Daga Ingila mata wajen 180 suka so zuwa, gwamnati ta ba kaɗan daga cikinsu fasfo, daga baya ma aka rufe hanyar teku, uku kaɗai suka halarta. Daga Faransa ko ɗaya ba ta je ba. Sun tura wakilai wajen shugabannin ƙasashe su roƙi a yi sulhu, aka karɓe su da mutunci, aka ci gaba da yaƙi. Amma kafin su watse sun yi alkawari ɗaya: duk ranar da aka zauna rubuta yarjejeniyar ƙarshen yaƙi, su ma za su zauna.

Sun cika alkawarin a watan Mayu na 1919. Sun so su haɗu a Paris inda manya ke zaune, amma ba a yarda matan ƙasashen da aka ci da yaƙi su shiga Faransa ba, sai suka koma birnin Zurik na ƙasar Suwis, su kusan 150. Waɗanda suka san juna tun 1915 suka ga ƙawayensu na Jamus da Ostiriya sun rame sun ƙanjame, domin har lokacin jiragen ruwan waɗanda suka ci nasara suna tare hanyar shigar abinci. Ana cikin taron sharuɗɗan yarjejeniyar Versailles suka iso hannunsu. Suka karanta, suka aika wa shugabannin da ke Paris saƙo cewa wannan takarda ba zaman lafiya za ta haifa ba, wani yaƙin take shukawa. Suna cikin na farko da suka faɗi haka a fili. A wannan zama ne wata Bafaranshiya, Jeanne Mélin, wadda yaƙi ya ragargaza yankinsu na Ardennes, ta iso a makare, Bajamushiya Lida Gustava Heymann ta tashi ta kama hannunta gaban kowa, zauren duka ya miƙe tsaye. To, wannan ita ce ranar tafi.

Washegari kuwa aka ce a buɗe biro a birnin Jeneba, kusa da sabuwar Majalisar Ƙasashe, wadda Faransawa ke kira SDN, wato uwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yau. Aka danƙa aikin sakatariya da na ma'aji duka biyu a hannun mace ɗaya, Emily Greene Balch, Ba'amurkiya mai shekara 52. Malamar tattalin arziki ce a kwalejin Wellesley, ta fi shekara 20 tana koyarwa, aka ƙi sabunta mata kwantiragi saboda ta fito ta ce ba ta goyon bayan yaƙi. Wato ta zo Jeneba ne ba ta da aiki, ba ta da fansho mai kirki, a shekarun da sa'o'inta ke shirin hutawa.

Ita ta samo wani tsohon gida mai ɗan lambu a titin Vieux-Collège, aka raɗa masa suna Maison Internationale. Rabinsa biro ne, rabinsa masauki. Duk ƴar ƙungiyar da ta zo Jeneba nan take sauka, ɗalibai da ƴan jarida da wakilan ƙananan ƙasashe nan suke zuwa shan shayi da muhawara. Dabara ce mai kyau, domin kuɗin ɗakuna yana rage nauyin haya. Amma ku duba abin da ya hau kan sakatariya: da safe ta rubuta wa Majalisar Ƙasashe takarda a kan ƴan gudun hijira, da rana ta duba lissafin gawayin ɗumama gida, da dare ta saurari baƙuwar da ta zo da kukanta daga wata ƙasa. Shekara uku Balch ta yi a haka, a 1922 jikinta ya ƙi, ta ajiye.

Mu tuna zamanin da ake ciki. Babu intanet, babu WhatsApp, kiran waya daga ƙasa zuwa ƙasa abu ne na masu hali. Shugabar ƙungiya, Jane Addams, tana Shikago, biro yana Jeneba. Wasiƙa ta hau jirgin ruwa ta ƙetare teku, amsa ta hau wani ta dawo, makonni sun tafi. Sau da yawa kafin amsa ta iso, abin da aka yi tambaya a kansa ya riga ya wuce. Ga kuma harsuna uku da aka yarda a yi aiki da su, Ingilishi da Faransanci da Jamusanci. Kowane ƙuduri, kowane rahoton taro, sai an juya shi sau biyu an buga a keken rubutu. Jaridar ƙungiyar, Pax International, wadda aka soma a 1925, a harsunan uku take fita kowane wata. Kuma duk wanda ya taɓa yin tafinta tsakanin masu faɗa ya san yadda kalma ɗaya ke canza nauyi in ta ƙetara wani harshe. Abin da Bajamushiya ta faɗa da zafi, Baturiyar Ingila ta ji shi kamar zagi. Abin da ƴar Ingila ta faɗa da taushi, Bafaranshiya ta ɗauke shi tsoro ne ko munafunci.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ƙashin bayan komai. Ƙungiyar tana da rassa, ƙasa ɗaya reshe ɗaya, kowane reshe ya kamata ya aiko da zubinsa. Amma me reshen Jamus zai aiko a 1923, shekarar da kuɗinsu ya lalace har ana sayen burodi da biliyoyin mak? Ostiriya da Hangari ma haka suke fama. Saboda haka mafi yawan abin da ke riƙe gidan Jeneba daga Amurka yake fitowa, kuma mafi yawan wannan ɗin Jane Addams ce ke bi tana roƙo wajen masu hannu da shuni. A 1931 da aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya, rabonta na kuɗin ƙungiyar ta miƙa wa. Abin yabo ne, amma a ganinmu rauni ne babba ƙungiyar ƙasashe da yawa ta rataya a wuyan mace ɗaya da kuɗin ƙasa ɗaya. Za mu ga inda wannan ya kai su.

Kafin nan, akwai wani babi da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba za mu tsallake shi don mu kyautata wa matan nan ba. Bayan yaƙi Faransa ta girke sojojinta a yankin kogin Rhin na Jamus. Cikinsu akwai sojojin da ta ɗebo daga ƙasashen da take mulka: Larabawan arewacin Afirka, ƴan Madagaska, da waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais. Sunan Sanagal kawai aka laƙa musu, amma daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa ake ɗibar su, har da ƙasarmu, da yawa kuma ba da son ransu ba. A 1920 aka tayar da wata farfaganda mai muni a Jamus da Ingila, wai baƙaƙen sojoji dabbobi ne da aka saka kan matan Turawa. Wani ɗan jarida na Ingila, E. D. Morel, shi ya fi kowa hura wutar. Abin takaici, reshen Ingila na wannan ƙungiya ta zaman lafiya ya ba shi dandalin magana a Landan. Matan da suka ce duk ɗan Adam ɗaya ne, ga su sun hau jirgin masu ƙyamar baƙar fata, suna ganin wai kare mata suke yi.

A 1921 maganar ta isa reshen Amurka, aka kawo takardar koke ta neman a janye baƙaƙen sojoji daga Jamus, aka ce ƴan kwamiti su sa hannu. Cikin kwamitin akwai baƙar fata guda, Mary Church Terrell, wadda ta halarci taron Zurik ta yi jawabinta da Jamusanci. Ta rubuta wa Jane Addams ta ce ita ba za ta sa hannu ba. Hujjarta a fili take: sojan mamaya ko wane launi ne yana aikata ɓarna, kuma matan baƙar fata sun daɗe suna shan irin wannan a hannun fararen maza ba wanda ya rubuta takardar koke, ware baƙaƙe kaɗai wariya ce ba adalci ba. Ta ce in zamanta zai hana ruwa gudu, a shirye take ta sauka. Addams ta goyi bayanta. Da babu wannan mace ɗaya a kujerar, da wataƙila takardar ta wuce salin alin. Ita kuwa farfagandar ba ta mutu ba. A 1937 gwamnatin Hitler ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa a yankin, aka yi musu aikin da zai hana su haihuwa har abada.

Gaskiya dai daga baya ƙungiyar ta ɗan gyara tafiya. A 1926 Balch ta jagoranci tawagar mutum shida, biyu daga cikinsu mata baƙar fata, zuwa Haiti wadda sojan Amurka ke mamaye da ita tun 1915, suka dawo suka buga rahoto suna neman a janye. A 1927 aka tura Camille Drevet ta Faransa da Edith Pye ta Ingila zuwa Indocin da ƙasar Sin su ga halin da ake ciki. Sun yi ta zartar da ƙudurori a kan aikin dole a ƙasashen da Nasara ke mulka. Amma ƙasarmu ba ta da reshe, ba wata kakarmu da ta zauna a wannan lambu na Jeneba. Ana magana a kanmu ne, ba da mu ba. Aikin dole kuwa sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke riƙe da su.

Daga waje ma ba a bar su sun sarara ba. Da suka kai babban taronsu Washinton a 1924, ƙungiyoyin masu kishin soja suka yi musu ca, aka yaɗa wani zane mai kamar saƙar gizo-gizo da ke nuna wai duk ƙungiyoyin mata igiyarsu tana hannun ƴan kwaminis na Mosko, zanen kuma daga wani ofishi na ma'aikatar yaƙin Amurka ya fito. Jirgin ƙasan da ya ɗauki baƙin zuwa Shikago, garuruwa da dama sun soke tarbar da suka shirya masa don tsoro. A wannan tafiya ce masana kimiyya biyu ƴan ƙungiyar, Gertrud Woker ta Suwis da Naima Sahlbom ta Suwidin, suka ziyarci wurin gwajin iskar guba na sojan Amurka. Abin da suka gani ya sa suka shafe shekaru suna faɗakar da jama'a cewa yaƙi na gaba fararen hula zai ci daga sama.

Amma abin da ya fi cin ran sakatarorin Jeneba ba maƙiyan waje ba ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Tun farkon shekarun 1920 ƙungiyar ta rabu gida biyu, kuma abin mamaki ba tsakanin Faransa da Jamus ba. Su waɗannan biyun bakinsu ɗaya. Gabrielle Duchêne ta Faransa, da Heymann da abokiyar zamanta Anita Augspurg na Jamus, suna ganin yaƙi ɗan jari-hujja ne, muddin masu masana'antar makamai da masu mulkin mallaka suna cin riba, to taro da takardun koke wasa ne, sai an sauya tsarin gaba ɗaya. A ɗaya ɓangaren ga matan Ingila da na ƙasashen arewacin Turai, waɗanda suka saba da majalisa da bin ministoci a hankali. Su a wajensu ƙa'ida ɗaya ce: ba a yarda da zubar da jini ba, ko na yaƙi ko na juyin juya hali.

Tambayar da ta raba su ba ƙarama ba ce, kuma har yau ba ta tsufa ba. In talakawa da aka danne suka ɗauki makami, mai son zaman lafiya ya la'ance su daidai da yadda yake la'antar mai danne su? Duchêne ta ce a'a. Ta ziyarci Tarayyar Sobiyet a 1927 ta dawo tana yabo, tun daga nan ta ƙara matsawa kusa da ƴan kwaminis. Matan Ingila suka ce in aka buɗe wannan ƙofa ko kaɗan, to sunan ƙungiyar ya zama ƙarya.

Rigimar aƙida kuwa, kamar yadda muka sani a namu ƙungiyoyin, ba ta fitowa da sunanta. Takan sa rigar dokokin ƙungiya. Sai aka shiga jayayya a kan wa ke da ikon magana da sunan kowa. Faransawa da Jamusawa suna son kwamitin ƙoli mai ƙarfi, wanda ake zaɓar membobinsa don kansu ba don ƙasarsu ba, domin a can suke da rinjaye. Ingila tana son kowane reshe ya samu wakilci da ƴancin kansa, kada Jeneba ta fitar da sanarwar da za ta kunyata su a gida. Taron Dublin na 1926 ya sha wannan magana, na Prag a 1929 ma haka. A Prag ɗin ne Addams, wadda girmanta kaɗai ke sa kowa ya sassauta murya, ta sauka daga shugabanci saboda rashin lafiya. Ba a samu mace ɗaya da kowa ya yarda da ita ba, sai aka raba kujerar uku: Balch, da Gertrud Baer ta Jamus, da Clara Ragaz ta Suwis.

Wanda ke tsakiya shi ke shan duka. Ku ƙirga sakatarorin da gidan ya ci. Bayan Balch sai Vilma Glücklich, malamar lissafi ƴar Hangari, daga 1922 zuwa 1925. Sai Madeleine Doty, lauya kuma ƴar jarida daga Amurka, shekara biyu. Sai Mary Sheepshanks ta Ingila a 1927, mace mai tsari wadda ta san aikin biro ciki da waje. Ita ta tsaya aka yi taron masana a Frankfurt a 1929 kan sababbin makaman yaƙi, da wani a Jeneba a 1930 kan mutanen da aka bari ba su da takardar kowace ƙasa. Amma ɓangaren Duchêne da Heymann suna kallonta a matsayin idon Ingila a cikin gida, ita kuma tana ganin ana yanke shawara a bayanta, a 1930 ta ajiye aikin. Aka kawo Camille Drevet, wadda mijinta ya mutu a fagen daga a 1914. Ita kuma sai ɗaya ɓangaren ya ce ta karkata hagu da yawa, har hukumomin Suwis suka nemi korar ta daga ƙasar a 1933, sai da aka yi ta kai ƙorafi kafin su janye. Sakatariya biyar cikin shekara 15, kusan kowace ta fita a gajiye.

Duk da wannan, a tsakiyar rigimar ne suka yi aikin da ya fi kowane girma. Da aka sa ranar babban taron rage makamai na duniya a Jeneba, suka fito da takardar koke guda, aka juya ta harsuna da yawa, mata suka bi gida gida, kasuwa kasuwa, ƙofar coci da ƙofar masana'anta suna neman sa hannu. A Amurka ayarin motoci ya tashi daga Hollywood a 1931 ya ratsa ƙasar har Washinton. Ingila kaɗai ta tara fiye da miliyan 2. Ranar 6 ga Fabrairu 1932 aka shigo da ɗaurin takardu zauren taron a gaban shugabansa Arthur Henderson: sa hannu miliyan 8 daga ƙungiyoyin mata, kusan miliyan 6 daga ciki wannan ƙungiya ce ta tara. Ku tuna duk da hannu aka yi, da tambur da ambulan, kuma wasu ƴan mata a biro ne suka zauna suka ƙirga. Sai dai tun ranar buɗe taron, 2 ga wata, an jinkirta zama da awa guda saboda jiragen Japan suna ruwan bama-bamai a Shanghai. Taron ya yi ta jan ƙafa, a watan Oktoba na 1933 Jamus ta fice daga cikinsa, ta fice daga Majalisar Ƙasashe.

Shekarar 1933 ta zo musu da masifa biyu a lokaci ɗaya. Ta farko Hitler. Heymann da Augspurg sun san shi tun ba a san shi ba. A 1923 suna cikin matan da suka je wajen ministan cikin gida na jihar Bavariya suka ce a kori wannan mutum, tunda ɗan Ostiriya ne kuma yaransa suna dukan mutane a wuraren taro. Ba a saurare su ba. Da ya hau mulki a Janairun 1933 suna tafiya a waje, ba su sake taka Jamus ba. Aka ƙwace dukiyarsu, aka lalata takardu da littattafan da suka tara na shekaru da yawa na gwagwarmayar mata. Reshen Jamus, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi, ya mutu cikin ƴan watanni. Gidan titin Vieux-Collège ya soma cika da masu neman mafaka.

Ta biyu ita ce kuɗi. Tattalin arzikin duniya ya riga ya durƙushe tun 1929, masu bayarwa a Amurka sun ja hannu. Sai kuma gwamnatin Roosevelt ta karya darajar dalar Amurka tsakanin 1933 da 1934 da kusan kashi 40 cikin 100, alhali kuɗin Suwis yana nan daram sai a 1936 ya sauka. Waɗanda suka ga debaliwasiyo ta 1994 ba sai mun yi musu dogon bayani ba. Kuɗin da ke shigowa da dala yake zuwa, haya da albashi da bugun jarida kuma da faran na Suwis ake biya. Aka wayi gari ba a iya biyan sakatariya. Sai Balch, tana da shekara 67, ta dawo kujerar da ta bari a 1922, ta yi kusan shekara ɗaya da rabi ba ta karɓi ko sisi ba. Tana cikin wannan aiki, a watan Mayu na 1935, Jane Addams ta rasu.

A taron Zurik na 1934 saura ƙiris ƙungiyar ta tsage. A ƙarshe aka rubuta sabuwar manufa mai ƙafa biyu: an yarda cewa zaman lafiya na gaskiya ba zai samu ba a ƙarƙashin tsarin zalunci da cin riba, an kuma ce ƙungiyar za ta nemi sauyin ne ta hanyar da ba zubar da jini. Ba wanda ya fita yana murna. Wasu na ganin wannan rufa-rufa ce, mu kuwa muna ganin ita ce ta hana kowa ɗaukar jakarsa, domin kowane ɓangare ya samu layin da zai nuna wa mutanensa a gida.

Daga nan tambayoyin suka ƙara tsanani. Italiya ta afka wa Habasha a watan Oktoba na 1935, ta zuba wa mutane irin iskar gubar da Woker ta yi ta gargaɗi a kai. A sa wa Musolini takunkumi? In takunkumin ya kai ga yaƙi fa? A 1936 yaƙin basasa ya ɓarke a Sipaniya: a bar zaɓaɓɓiyar gwamnati ta sayi makamai ta kare kanta, ko a ce makami makami ne? Matan Amurka, da teku ya raba su da wutar, suna son ƙasarsu ta tsame hannunta daga komai. Matan Faransa da na Cekoslobakiya, da wutar ke bakin ƙofarsu, suna jin wannan kamar an yashe su. Babban taro na ƙarshe kafin yaƙi a ƙasar Cekoslobakiya aka yi shi, a wani ƙaramin gari mai suna Luhačovice, a 1937. Shekara ɗaya bayan haka aka yanka ƙasar a Munik aka miƙa wa Hitler yanki. A waɗannan shekarun aikin biro ya koma neman biza, neman wanda zai tsaya wa ɗan gudun hijira a Ingila ko Amurka, neman kuɗin jirgi, suna bayan suna.

Yaƙi ya zo a Satumban 1939. A 1940 Gertrud Baer, wadda Bayahudiya ce, ta ƙetara zuwa Amurka ta ci gaba da aika wasiƙun ƙungiya daga can zuwa duk reshen da saƙo ke iya kaiwa, Clara Ragaz ta tsaya a Suwis. Heymann da Augspurg duka biyu sun rasu a Zurik a 1943, suna gudun hijira, watanni kaɗan tsakaninsu. Balch kanta, bayan harin Japan a kan Amurka a ƙarshen 1941, ta ce da baƙin ciki ba ta ga wata hanyar tsayar da Hitler ba sai yaƙi, amma ba ta fita daga ƙungiyar ba, ba a kuma kore ta ba.

A watan Agusta na 1946 waɗanda suka rage suka haɗu a Luksamburg. Cikin abubuwan da aka sa a gaba har da shawarar a rufe ƙungiyar, tunda abin da aka kafa ta don hanawa ya faru, ya ma fi na farko muni. Aka tattauna, aka jefa ƙuri'a, masu cewa a ci gaba suka yi rinjaye. A ƙarshen wannan shekara aka ba Emily Greene Balch kyautar Nobel, tana da shekara 79, ita ma kuɗin ƙungiyar ta ba. Biron yana nan a Jeneba har yau.